Hayaƙin motocin Jidda ne ke jawo mana ƙanƙara da ambaliya?

Baba Alhaji: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana. Ruwan da ya shanye Jidda ran 24 ga Nuwamba 2022, milimita 179 cikin awa shida, hayaƙin motocinmu ne ya jawo shi. In ya tashi sama, a jikinsa ƙanƙara ke haɗuwa, sannan ta narke ta sauko ruwa.

Ɗalibin Suwal (gari a arewa da Jidda): Wa alaikumus salam Baba. Kun kama bakin zaren. Ɗigon ruwa mai tsabta a cikin gajimare yana iya kaiwa digiri 38 ƙasa da sifili bai daskare ba, sai in ya sami ƙwayar da zai kama. Amma kunkunniyar salansa ba ta iya wannan aikin sosai. An auna a Beijin, an wallafa a 2018: ranakun da hayaƙi ya turnuƙe garin, ƙwayoyin da ke haifar da ƙanƙara ba su ƙaru ba.

Direban tanka: Kullum da asuba in na goge gilashi, abu biyu nake gani a tsumma, baƙi mai maiƙo da ja mai gari-gari. Wanne ne ke haifar da ƙanƙarar?

Ɗalibin Suwal: Jan nan ne, Yaya. Ƙurar hamada ce, akwai ma'adinin felsfa a ciki, shi ne gwanin daskarar da ruwa. Da bazara har daga Tokar ta Sudan take tsallako Bahar Maliya.

Hajiya Babba: Don Allah kada ku wanke hayaƙin nan. Jikata tana da asma, na san daren da muke kwana zaune ina shafa mata baya.

Ɗalibin Suwal: Allah Ya ba ta lafiya Hajiya. Ban wanke shi ba. Yana sa ɗigon gajimare ya yawaita ya ƙanƙance, har ruwan ya yi jinkirin sauka. Can ƙololuwa kuma, farin layin da jirage ke bari ƙanƙara ce, tana tare zafin da ƙasa ke fitarwa da dare.

Baba Alhaji: To ɗana, tun 2022 hukuma ke aika jirage suna barbaɗa wa gajimare gari a saman Riyad da Ƙasim da Ha'il don a sami ruwa. In garin jirgi ya yi aiki, me zai hana na salansa?

Ɗalibin Suwal: Wancan zaɓarsa ake yi musamman, Baba, kuma sai an sami hadarin da ya riga ya haɗu. Ruwan 2022 damshin teku ne ya ɗauko shi.

Baba Alhaji: Ban gamsu ba tukuna. Beijin daban, Jidda daban. A zo a auna samanmu.