Me za mu kira "calvaire" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. A yankin Bretagne, bakin teku a arewa maso yammacin Faransa, akwai abin da ake kira calvaire a harabar tsofaffin coci-coci. Idan na ce "gicciyen dutse", ya wadatar?

Magini: Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, Malam. Ana fara gina tudu mai tsayi da dutse, a jera sassaƙen labarin Yesu a jikinsa da samansa, daga haihuwa har tashi, sannan gicciye ɗaya ko uku su tsaya a ƙoli. Na garin Guimiliau, wanda aka yi daga 1581 zuwa 1588, yana ɗauke da mutum-mutumi kusan 200. Sunan da ya manta da su ya bar rabin abin.

Malamar Tarihi: Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta ƙoƙon kai, wato Golgota, wurin da Linjila ta ce an gicciye Yesu a Urushalima. Amma in aka rubuta "Wurin Ƙoƙon Kai", hankalin mai karatu Urushalima zai tafi. Kuma don Allah a guji "gumaka". Gunki abin bauta ne, waɗannan kuwa da su ake koya wa waɗanda ba su iya karatu ba labarin Linjila.

Mai Fassara: To "dakalin gicciye" fa, Malama?

Magini: Dakali na zama ne a ƙofar gida, ya yi gajarta. A ce dandamali. Kuma a raba sunayen sassan, domin kowanne da irin ciwonsa: dandamali, sassaƙa, gicciye. Da yawa daga cikin sassaƙen da dutsen Kersanton na kusa da birnin Brest aka yi su, mai karɓar zane siriri. Inda aka kafe su da turakun ƙarfe, iskar teku mai gishiri tana sa ƙarfen tsatsa, ya kumbura, ya tsaga dutsen daga ciki. In aka toshe tsagar da siminti, danshi ya maƙale, ɓarnar ta ƙaru. Kwaɓin farar ƙasa ne ke barin dutse ya sha iska. Calvaire ɗin da ke wurin da ake kira Tronoën, na wajen 1450, yana dab da teku, fuskoki da yawa sun shafe.

Malamar Tarihi: Na yarda da "dandamalin gicciye". Sai dai Faransawa suna kiran ƙananan da ke mararrabar hanya da sunan calvaire su ma.

Mai Fassara: Waɗancan sai mu ce "gicciyen bakin hanya". Manyan na harabar coci kuma "dandamalin gicciye". Na gode, Allah ya ƙara basira.