Babba da kaye a ƙarƙashin matashi: magani ne ko tonon asiri?

Yaya Babba: Salamu alaikum dangi. Jiya a gidan suna a unguwar Birni nan Damagaram Kawu ya yi mini dariya don na ce kullum dare nakan rubuta abin da ya same ni a kaye, wato littafin rubutu. Ina nan kan bakana: rubutun nan ya fi hira da mutum sanyaya mini zuciya. Ku raba mu.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ba dariya ba ce ƴata, mamaki ne. Uwar ƴaƴa huɗu ta riƙe bik tsakar dare kamar ƴar lakwal? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Annabi Yaƙub da baƙin ciki ya ishe shi, ga Allah ya kai kukansa, yana nan cikin suratu Yusuf.

Goggo: Ni dai ina bayan Kawunku, kuma ba da ka nake magana ba. Shekarar da aka yi mini kishiya na sayi kaye a Kasuwar Dole, na riƙa zuba abin da ke raina. Na ɓoye shi cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Yaron gida ya ɗauko yana neman takardar ƙunsa ƙosai, shafi ɗaya ya faɗa hannun da bai kamata ba. Wata uku maigida bai ci tuwona ba. Maganar baki sai ka ce ba haka nake nufi ba, amma rubutun hannunka fa?

Auta: Goggo, wannan laifin kwalla ne, ba na kaye ba. An gwada abin nan fa. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 kullum, kwana 4 a jere. Watannin da suka biyo baya, zuwansu wajen likita ya ragu.

Kawu: Auta, ɗaliban Amurka ba su da fada. Nan Damagaram in ranka ya ɓaci ka zauna a tabarma, kafin a sauke shayi na uku wani ya ba ka dariya.

Yaya Babba: Fada taku ce Kawu, ta maza. Ni bari in faɗa muku dare ɗaya. Ina aikin kwana a asibiti, haihuwa uku, na ukun bai zo da rai ba, uwar kuwa yarinya ce ƙarama, sai kallon rufi take. Na hau kabu-kabu na dawo da asuba, na tarar famfo ya kawo ruwa, kowa na guje-guje da jarka. Wa zan tsayar in ba labari? Kuma sirrin mara lafiya ba na tsakar gida ba ne. Na rubuta layi uku, ba suna, ba unguwa. Sai lokacin hawaye suka zo, na samu na yi barci. Addu'a kuwa ban bari ba, kayen bai hana ni ɗaga hannu ba.

Malam: Ku biyun kuna da hanya. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, kuma mai rubuta kurensa na yini hisabin yake yi. Sai dai gulma gulma ce ko a takarda take. In kaye ya cika da "wance ta yi mini", to an koma kiwon ƙiyayya, kullum ka buɗe ka ba ta ruwa.

Goggo: Malam, ni kake nufi ke nan.

Malam: Allah ya huci zuciyarki Goggo, kowa nake nufi.

Auta: Wani abu kuma. Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike, ya sauka garin nan ƙarshen 1852, ya rubuta abin da idonsa ya gani, har yau ana karantawa. Mu kuwa tsohon masallacin Birni ya rushe da ruwan Satumban 2024 muna kallo, hotunan suna cikin wayoyin da rabinsu sun riga sun lalace.

Kawu: Shi aiko shi aka yi daga Ingila, aikinsa ke nan. Bai rubuta faɗan cikin gidansa ba.

Inna: Tun ɗazu ina jin ku, jika ke karanta mini. Kawunku ya faɗa muku kundin mahaifinmu yana wajen wa? Na fatar nan ja, mai igiya. Ba addu'o'i kaɗai ke ciki ba. Tsoho yakan rubuta da ajami ranar ruwan shuka, da kuɗin tiyar hatsi shekarar yunwar 1984, da ranar da aka haifi kowanenmu. Ranar da ƙanwarmu ta rasu da ƙyanda ya rubuta layi ɗaya, tawadar ta jiƙe ta bazu. Ni ban taɓa ganin hawayensa ba duk rayuwata.

Auta: Kawu?

Kawu: Yana wajena. Wannan daban ne.

Yaya Babba: Ina bambancin?

Kawu: Ku zo ranar Alhamis bayan an tashi daga kasuwa, in nuna muku. Amma akwai shafi biyu na wajen ƙarshe, su ba mai taɓawa.

Goggo: In na rabon gonar Mirya ne, ni ma ina zuwa.