Yaya zan zaunar da ƙamshin wurin haɗa lemo na otal a falona?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu haɗa turare, taimakonku nake nema.

Akwai wani ƙamshi da ake ji a wurin haɗa abin sha na manyan otal-otal, irin inda ake zuba Chapman a Abuja da Legas. Ba warin giya nake nufi ba, ba ruwana da ita. Ƙamshin ɓawon lemon zaƙi ne da aka murɗa, da na'a-na'a da aka ɗan daddaka, da kirfa da kanumfari, sannan can ƙasa-ƙasa akwai ƙamshin itace mai sanyi. Shi nake so ya kama min falo.

Na tafasa ɓawon lemo da kirfa a tukunya. Kicin ya ɗauka sosai, amma ina sauke tukunyar ya bi iska. Da na ɗora busasshen ɓawon a kasko kan garwashi, ƙauri kawai ya tashi, har maigida ya leƙo yana tambayar me ya ƙone. Turaren wuta kuwa danne komai yake yi, lemon ya ɓace gaba ɗaya.

Na fahimci man ɓawon lemo saurin tashi gare shi, sai an samu mai nauyi ya riƙe shi. To wanne ya fi dacewa, sandal ko miski? Kuma kashi nawa zuwa nawa ake haɗawa? In na fesa a labule da kujeru, ba zai bar tabo ba?

Ƙaramin yarona yana da asma, don haka hanyar da babu hayaki na fi so. Na gode.