Waswasin tsarki ya hana ni sakat tun da na haihu, don Allah ku ba ni shawara

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce, ina goyon ɗana na fari. Tun ina budurwa ina da ɗan waswasi wajen alwala, amma bai taɓa hana ni harkokina ba. Da na haihu sai abin ya rikiɗe. In yaron ya yi fitsari, ko da yana sanye da famfas, sai zuciyata ta ce ai ya taɓa zanina, zanin ya taɓa katifa, katifar ta taɓa hijabin sallata, hannuna kuma ya riƙe buta da marfin ƙofa. Kafin a jima ɗakin gaba ɗaya ya zama najasa a idona. Sai in hau wanki da ɗauraya. Hannuwana duk sun tsattsage saboda omo, tsakanin yatsuna ruwa ya cinye. Ruwan da mai garuwa ke kawo mana da safe, kafin la'asar jarkokin sun ƙare.

Alwala kuwa, ina zuwa kan ƙafa sai in ji kamar ban shafi kai ba, in koma farko. Kabbarar harama in yi ta maimaitawa. Wani lokaci ina fama da azahar har a kira la'asar, yaro yana ta tsala kuka ni kuma ina bayi riƙe da buta.

Akwai wanda ya fi waɗannan, ban taɓa faɗa wa kowa ba. A cikin salla wasu munanan maganganu game da Allah suke faɗo mini a rai, waɗanda gara in mutu da in furta su. Sannan in na ga wuƙa a kicin sai hoton na cutar da ɗana ya gifta mini. Wallahi ina son yaron nan fiye da raina. Har na tattara wuƙaƙen na kai ɗakin maƙwabciyata, na ce mata ajiya ce.

Maigida yana ta haƙuri, amma na ga ya fara gajiya da tambayar "ka tabbata fitsarin bai taɓa nan ba?" Uwar mijina ta ce shafar aljanu ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu, sai in ɗan ji sauƙi abin ya dawo. Imanina ne ya tafi? Ko hauka nake shirin yi? Ina zan nufa?

Maman 'yan biyu:

Wa alaikumus salam. Wayyo 'yar uwa, kin sa ni hawaye. Allah Ya yaye miki. Ki riƙe azkar na safe da yamma, kada ki kwanta ba ki karanta Falaƙi da Nasi ba. Kuma ki daina zama ke kaɗai a ɗaki, jego da kaɗaici ba sa haɗuwa.

Malamin Islamiyya:

Baiwar Allah, imaninki yana nan. Sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) suka ce suna jin wani abu a zukatansu da ya yi musu girma su furta, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Hadisin yana cikin Muslim. Malamai suka ce ƙin abin da jin nauyinsa shi ne imanin. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba.

Batun tsarki kuma, malamanmu na Malikiyya sun ware wa mai waswasi hukuncinsa daban, kuma yana cikin Ahalari da yaranmu ke karantawa. Wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye zai sake, amma ban da mai waswasi, shi babu komai a kansa. A salla ma an ce ya yi watsi da shakkar, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, ya yi ba'adi kawai. Mai shayarwa kuwa an yi mata rangwame a kan fitsarin jaririn da ya samu tufarta in dai tana iya ƙoƙarinta, an so dai ta ware wani zani na salla. Annabi (SAW) da ɗan ƙaramin mudu ɗaya na ruwa, kimanin cikin tafin hannu biyu, yake alwala, kuma ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama.

To kin ji hukunci. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki ɗauki tambayar nan ki kai wa malami na biyu da na uku don ki ƙara tabbatarwa. Na ga masu irin wannan da yawa, yawon neman fatawar ma yana komawa cikin ciwon. Kuma ki je asibiti. Neman magani ba ya cin karo da addu'a.

Ma'aikaciyar jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa:

Ƙanwata, ba zan yanke miki hukunci daga rubutu ba, wannan aikin likitan da zai zauna da ke ne. Amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon da likitoci ke kira OCD, wato ciwon waswasi mai tilasta wa mutum maimaita abu. Kusan mutum 2 cikin 100 suna gamuwa da shi a rayuwarsu, galibi yana farawa ne a shekarun samartaka, kuma ciki da haihuwa suna iya tayar da shi ko su tsananta shi. Ba Musulmi kaɗai yake kamawa ba. Wani nasa duba ƙofa ne ko gas, wani ƙwayoyin cuta, wani ƙirga abubuwa. Abin da mutum ya fi ɗauka da girma nan yake kamawa, ke naki ya kama salla da ɗanki.

Yadda yake aiki: tunani ya faɗo, hankali ya tashi, sai ki yi wani abu don ki samu natsuwa, wato wanki, sake alwala, tambayar maigida, ɓoye wuƙa. Natsuwar ta zo na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi cewa da ba ki yi hakan ba da masifa ta auku. Gobe sai ta nemi fiye da na yau. Kamar susar ƙaiƙayi ne, ana jin daɗi a lokacin, wurin kuma yana ƙara ci.

Maganar wuƙa, ki saurare ni da kyau. Iyaye mata da yawa masu wannan ciwon suna ganin irin hoton nan, kuma firgitar da yake ba su da gudun da suke yi masa alama ce ta OCD, ba ta son aikatawa ba. Ki faɗa wa likita shi yadda kika faɗa mana, ba sabon abu ba ne a kunnensa. Abin da ke buƙatar asibiti a ranar, ba jira, shi ne in kin fara jin muryoyi, ko kin kwana biyu ba barci kina ruɗewa, ko tunanin ya daina ba ki tsoro, ko kin ji kina son kashe kanki.

Magani iri biyu ne. Na farko horo ne da masanin halayyar ɗan Adam ke yi da ke, ana ce masa ERP: ki tunkari abin da kike tsoro kaɗan-kaɗan, ki ƙi yin abin da zuciyar ta umarce ki, har tashin hankalin ya sauka da kansa. Tun 1966 Victor Meyer ya fara amfani da hanyar a Landan, kuma har yau ita ce kan gaba. Na biyu ƙwayoyi ne irin su sertraline da fluoxetine, wani lokaci clomipramine. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, don haka kada ki ce ba sa aiki tun a makon farko. Ki sanar da likita kina shayarwa, akwai wanda aka fi zaɓa wa masu goyo.

Ban san garinku ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai Dawanau da sashen da ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai na Shika. In kin je ki tambaya ko suna da mai yin ERP, don kada a tsaya a ƙwaya kaɗai.

Wani ɗan uwa:

Ni dai ina jin tsoron ƙwayoyin nan. In mutum ya fara ba ya iya bari, ga su da sa mutum ya zama kamar soko. Ta dage da ruƙiyya kawai.

Ma'aikaciyar jinya:

Malam, waɗanda na ambata ba kayan maye ba ne, ba sa cikin jerin su tiramol. Suna iya kawo tashin zuciya, ciwon kai ko canjin barci a farko, wasu kuma raguwar sha'awa, duk ana gaya wa likita ya gyara. Ba a yanke su rana ɗaya, a hankali ake ragewa, yawanci bayan an shekara ko fiye ana samun sauƙi. Ruƙiyya kuma ai ta ce an yi. Ba wanda ya ce ta bar addu'a, amma ga yaro yana kuka uwarsa tana bayi, kada mu ƙara mata jinkiri.

Wadda ta sha fama da shi:

'Yar uwa, na bi ta hanyar nan, nawa ma na alwala ne. Bari in gaya miki yadda horon yake a aikace, don kada ki zaci abu ne mai daɗi.

An sa na rubuta abubuwan da nake tsoro daga ƙarami zuwa babba. Muka fara da buta. Buta ɗaya, in ta ƙare alwala ta ƙare, ko da zuciyata tana ihu cewa gwiwar hannu ba ta jiƙe ba. In fito in tayar da salla da kabbara ɗaya. Ranar farko ina tsaye ƙafafuna na rawa, gumi na bin bayana, na sallame ina ganin kamar ban yi salla ba. Aka ce kada in rama, in zauna da wannan jin. Na zauna a kan darduma ina kuka, can sai na ji ƙirjina ya fara sakewa ba tare da na yi komai ba. Wannan ne ya fara ba ni ƙarfin gwiwa. Daga baya muka kai ga in taɓa ƙofar bayi in ci abinci ba tare da wanke hannu sau da yawa ba, sai wanki irin na kowa.

Munanan tunanin kuma, an hana ni yin gardama da su ko maimaita istigfari duk lokacin da suka zo, don ni nawa istigfarin ya koma irin wankin hannu. In sun zo in bar su, in ci gaba da karatuna. Har yanzu sukan leƙo, musamman in na gaji ko ina cikin damuwa, amma ina sallata a kan lokaci.

Wani magidanci:

Uwargidana tana da shi, don haka maganata ga maigidanki ce. Likita ta nuna mana cewa duk lokacin da na amsa mata "e, da tsarki", ciwon nake ciyarwa, ko da tausayi ne ya sa ni. Muka yi yarjejeniya tun tana cikin natsuwa: in ta tambaya zan ce "wannan tambayar waswasi ce, mun yi alkawari ba zan amsa ba", sannan in zauna kusa da ita har abin ya lafa. Ba faɗa, ba gori, ba "ke dai kin cika naci". Makonnin farko da wuya, ta yi fushi da ni sosai. Ki ba shi ya karanta abin da kika rubuta nan, kuma ku tafi asibitin tare.

Mai neman shawara:

Na gode, Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta amsar Malam da ta Anti nas ina kuka. Mun fi kusa da Kaduna. Abin da ya rage mini shi ne Hajiya, uwar mijina. In ta ji an ce Barnawa za ta ce an mayar da matar ɗanta mahaukaciya, kuma dangi duk za su ji.

Ma'aikaciyar jinya:

Ba ke za ki tunkari Hajiya ba, ɗanta ne zai yi mata bayani, da ladabi, cewa damuwa ce da ke samun wasu mata bayan haihuwa kuma likita zai duba ki. Gaskiya ce, kuma ta isa. Galibin masu wannan ciwon ba a kwantar da su, ganin likita ne ki dawo gida. In sunan wurin ne matsala, ki fara da Shika ko wani babban asibiti mai sashen, ta ƙofar da kowa ke shiga za ki shiga. Kafin ranar, ki rubuta a takarda abubuwan da kike maimaitawa da kimanin lokacin da suke cinye miki a yini, har da maganar wuƙar, don in baki ya yi nauyi a gaban likita sai ki miƙa masa takardar.