Ta ina ake fara koyar da tsarkakewa a aji?

Malamin aji: Salama, iyayena. Ina son shawara. Me ya kamata a fara karantawa kafin a koyar da cikakkiyar tsarkakewa yadda John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya koyar?

Rabaran: Ɗana, fara da wa'azinsa na 1765 a kan Afisawa 2:8. A nan ya jera abin daki-daki: alherin da ke riga mutum tun bai nemi Allah ba, tuba, baratarwa, sabuwar haihuwa, sannan tsarkakewa. Baratarwa abin da Allah ya yi domin mu ne, tsarkakewa kuwa abin da yake yi a cikinmu. In ka haɗa su wuri ɗaya, 'yan aji za su ɗauka sai sun gyaru kafin a gafarta musu.

Malamar tauhidi: Haka ne, Baba Rabaran. Daga nan ka ɗauki na 1741 a kan Filibiyawa 3:12, ka soma da abin da kammala, wato cikakkiyar tsarkakewa, ba ta nufi ba. Wesley ya ce kammalallen Kirista bai tsira daga rashin sani, kuskure, raunin jiki ko gwaji ba. Abin da yake nufi shi ne ƙaunar Allah da ta maƙwabci ta mallaki zuciya, kuma ana iya rasa ta. In an tsallake wannan, aji kan rabu biyu: masu cewa sun daina zunubi har ba sa karɓar gyara, da masu fid da rai. Na farkon ya faru a Landan, inda George Bell, ɗaya daga cikin mabiyan Wesley, ya kai ga cewa duniya za ta tashi ranar 28 ga Fabrairu 1763. Wesley ya fito fili ya ƙi maganar.

Dattijo: Kada a bar Ƙa'idodin 1743, waɗanda Wesley ya ba mabiyansa, a baya. Uku ne: guje wa mugunta, aikata nagarta, kiyaye farillan Allah, wato sujada, jin Kalma, Jibin Ubangiji, addu'ar gida da ta kaɗaici, binciken Nassi da azumi. Aji kuma, wato ƙaramin taron zumunci na masu bi, kada ya wuce kamar mutum 12, yadda aka fara a Biristol a 1742. In ya kai talatin, wa'azi ne ya koma, ba mai faɗin halin zuciyarsa.

Malamin aji: To Sharuɗɗan Addini 25 fa, Mama?

Malamar tauhidi: Ka karanta su, amma ba can ƙarfin maganar yake ba, taƙaitawa ce daga 39 na Angilikan. Duba sashe na 11 na Shaidar Bangaskiya ta ikkilisiyar EUB (Evangelical United Brethren), wadda ta shigo lokacin da EUB ta haɗe da Methodist a 1968. Mutanen Bambur da Zing ai daga wannan reshen suka fito.

Rabaran: Abu ɗaya na ƙara. Za a tambaye ka ko nan take ake samu ko a hankali. Wesley ya riƙe duka biyun: ana samu nan take, amma da girma kafin, da girma bayan. Kada ka sa kowa ya tashi ya ba da shaidar ya samu domin kawai ya zo gaban bagade.