Zanen surfani ya ƙi buɗewa a kekena

Maman Nana, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa, ina saka sunayen jarirai bisa sarbeti ina saidawa, kekena Brother ne amma zanen da na sauke a intanet ya ƙi buɗewa kuma haruffan nutsewa suke, mi zan yi don Allah?

Mai Surfani: Hajiya kila irin fayil ɗin zane da ake kira JEF ne kika sauke, wannan na keken Janome ne, naki Brother irin fayil ɗin PES yake karantawa.

Inna Yamai: Diyata sarbeti gashi gare shi, ki shimfiɗa ledar nan da ruwa ke narkarwa bisa kafin ki fara, ƙasa kuma takardar tauri, sannan ki sa mai kaya ya rubuto sunan da kanshi, wani Aïchatou yake so wani Aisha, warware surfani wahala ce wallahi.