Wa ya taɓa shiga fadar Bersai?

Yaya daga Maraɗi: Salamu alaikum. Ƙanwata za ta je Faris wata mai kamawa, tana son ganin fadar Bersai, tsohuwar fadar sarakunan Faransa da ke kusa da Faris. Waɗanda suka je, don Allah ku ba mu haske.

Ɗalibi a Liyon: Wa alaikumus salam Yaya. Kar ta je ranar Litinin, fadar a rufe take. Jirgin ƙasa na layin RER C daga Faris zai sauke ta kusa da ƙofa. Ta yanki tikiti ta intanet tun da wuri, in ba haka ba layi zai cinye mata safiya.

Hajiya ta Kano: Ni kam zauren madubai ya kai ni, amma ƙeyar mutane na fi gani, kowa ya ɗaga waya sama. Tsawonsa mita 73, madubai 357 suna kallon tagogi 17. Sai da na raɓe jikin bango taro ya wuce, sannan na samu na ɗaga kai na kalli zanen rufin. Wuyana har ya ƙage.

Malami daga Garwa: Hajiya, a wannan zauren aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta 28 ga Yuni 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ita Jamus ta rasa Kamaru, Faransa da Ingila suka raba. Na tsaya ina ta tunanin ba wanda ya nemi shawarar kakanninmu.

Mai aikin famfo: Ku bar batun ɗakuna, lambun ne abin kallo! Sarki Luwi na 14 ya koma can da fadawansa a 1682, ya cika wurin da maɓuɓɓugai alhali ruwa bai isa ba. Har injin Marli aka gina, mai manyan ƙafafu 14, yana jawo ruwa daga kogin Sen, duk da haka bai wadatar ba. Sai ma'aikata suka riƙa yi wa juna fito: sarki na tahowa a buɗe, ya wuce a rufe. Da na ji haka dariya ta kama ni, ashe har sarkin Faransa an yi masa rabon ruwa. Yanzu ma ba kullum ake kunnawa ba, sai ranakun da aka ware daga bazara zuwa kaka, kuma ranar sai an biya kuɗin shiga lambun.

Hajiya ta Kano: Ta sa takalmi mai taushi dai, tsakuwa ce ko'ina. Ban kai ƙauyen da aka gina wa Sarauniya Mari Antuwanet ba, gwiwa ta ce ta gaji.

Yaya daga Maraɗi: Allah ya saka da alheri. Mai famfo, rana ɗaya za ta ishe ta?

Mai aikin famfo: In ta yi sammako, ta kuma ɗauki hayar keke a bakin babban tafkin da ke bayan lambun.